Yadda Ake Auna Tasirin Shekaru da Jinsi a Ra'ayin Mutane Kan Kimiyya

A fara da raba tambayoyi gida biyu: abin da mutum ya sani, da abin da yake ganin ya sani. Binciken Wellcome Global Monitor na 2018, wanda ya shafi ƙasashe sama da 140, ya gano cewa maza sun fi mata iƙirarin sanin kimiyya ko da karatunsu ɗaya ne, don haka amsar "na sani" ba hujja ba ce. Sannan a kwatanta masu ilimi daidai, domin sau da yawa dattijo bai sami damar karatun da matashi ya samu ba. Tambayar yadda kimiyya za ta shafi makomar mutane kuwa, gara a ɗaure ta da abu takamaimai, kamar injinan da ke maye gurbin ma'aikata, batun da ya fi taɓa mai neman aiki fiye da wanda ya yi ritaya.