Yadda na gyara ɗakin da ke dafa mu a bazara

Ɗakin kwananmu a Mabera taga ɗaya gare shi, kuma yamma take kallo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ranar la'asar ta cikin gilashin take bugowa, har bayan isha'i bango yana huci. Fanka ma iskar zafin take juyawa. Na rataya labule mai kauri, ban samu komai ba sai duhu.

Birkilan da na kira ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ce, "Alhaji, wanga ɗaki in iska ta shigo, ta ina za ta fita?"

Sai muka fasa ƙaramar taga a bangon gabas, can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take taruwa. Ya fara zuba linta da rodi, ta bushe, sannan ya cire bulon ƙasa. Na so ya yi sauri, ya ƙi, kuma shi ke da gaskiya. Mai walda ya yi wa sabuwar tagar raga da marfin ƙarfe, saboda ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa.

Tagar yamma kuwa rumfar kwano muka kafa mata ta waje. Na janye gado daga jikin wannan bango, na mayar da shi kudu. Yanzu da asuba har uwargida kan nemi mayafi.