Makaruhi: inda muke yawan tuntuɓe da kalmar nan

Jiya a fada nan unguwar Zariya ana jiran shayi ya nuna wani yaro ya ce wai ya sake sallar la'asar don ya rufe ido a cikinta, an ce mishi makaruhi ne. Ɗan'uwa wa ya aike ka? Makaruhi ba ya ɓata salla. Asalin kalmar daga karaha take, wato ƙin abu, kuma a wajen malaman fikihu abu ne da in ka bari don Allah ka samu lada, in ka yi ba a rubuta maka zunubi. Mu da muka yi Ahalari, ɗan littafin fikihun Malikiyya, a zaure mun san ya jero makaruhan salla: waiwaye, rufe ido, tsayuwa da ƙafa guda in ba tsayuwar ta yi tsawo ba, sa kuɗi a baki. Ladan ya ragu dai, sallar tana nan.

Akwai kuma ƴan "ai makaruhi ne kawai", su kullum a cikinsa suke kwana. To abin da shari'a ta ce gara a bari ne fa.

Babban ramin shi ne ɗauka cewa duk inda ka ga kalmar ma'anarta guda. Buɗe Suratul Isra'i, bayan an ambaci shirka da kashe ƴaƴa don tsoron talauci da zina da cin dukiyar maraya, aya ta 38 ta kira munanan abubuwan nan makruha a wajen Ubangiji, yanzu wa zai ce zina makaruhi ce irin ta rufe ido? Haka magabata, har Imamu Malik da ya rasu 179 bayan hijira, sau da yawa sai su ce akrahu, wato na ƙi, suna nufin haramun, tsoron furta kalmar haram suke in ba nassi, wato aya ko hadisi, ƙarara. Hanafawa, mabiya mazhabar Abu Hanifa, ma biyu suka raba makaruhi, na tahrimi mai kusa da haram da na tanzihi wanda gara dai a bari. Gyaran: duba wa ya faɗa, a wane zamani, sannan ka leƙa sharhi ko ka tambayi malam kafin ka tura a WhatsApp.

Sai rigimar bisimilla a sallar farilla. Ahalari ya sa ta cikin makaruhai, Shafi'awa, mabiya mazhabar Imamu Shafi'i, kuwa aya ce daga Fatiha a wajensu, dole a karanta. In za ka faɗa ka ce makaruhi ne a Malikiyya, kar ka yanke jelar maganar.