Yadda ake daidaita launin kyamarori daban-daban wajen tace hoto

Da wuya a ɗauki biki a Kaduna da kyamara ɗaya. Sony na kan ƙafa tana kallon zaure, Canon na hannu tana bin amarya, ga kuma guntayen da dangi suka turo daga iPhone. Da an jera su sai farar shaddar ango ta koma ruwan ƙwai a nan, ta yi shuɗi-shuɗi a can.

Rabin gyaran tun a wurin ɗauka yake. Kada ka bari kyamara ta zaɓi farinta da kanta, ka sa musu lambar launin haske ɗaya: 5600K a hasken rana, 3200K a ƙarƙashin ƙwan fitila mai ja-ja. Su duka su ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) a 1/50 na daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu 50Hz ce, saɓanin haka fitilu kan riƙa ƙyaftawa. Sannan kowace kyamara ta ɗauki kati mai ruwan toka na daƙiƙa 10 a daidai inda fuska za ta kasance. In haske ya sauya, a sake.

A kan kwamfuta, fara mayar da komai Rec.709, wato tsarin launi na bidiyon yau da kullum. Hoton S-Log3 (salon ɗauka na Sony) ko C-Log (na Canon) a koɗe yake zuwa. A manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ka sa masa Color Space Transform, mai juya tsarin launi, a matakin farko, ka faɗa masa ainihin abin da aka ɗauka da shi. Haka ma iPhone, wadda tun daga iPhone 12 take ɗaukar HDR, wato hoto mai haske fiye da na yau da kullum: in ba a juya shi ba, zai fito fari fat. Nan ne masu tacewa suka fi tuntuɓe, su wuni suna murɗa launi alhali tushen ne bai daidaita ba.

Zaɓi kyamara ɗaya ta zama madogara. In ɗaya bit 8 ce ɗaya bit 10 (bit shi ne ma'aunin yawan launukan da kyamara ke adanawa), ja mai 10 zuwa wajen mai 8, don ita ce ke jure matsi. Mai 8 in an takura mata, bango da sararin sama sai su yi layi-layi.

Daga nan haske, sai fari, sai fata, a jere. Ido yana sabawa da kuskure cikin ɗan lokaci, saboda haka dogara da ma'auni. A ma'aunin haske daidaita baƙi tukuna, sannan fari, sannan tsakiya. A ma'aunin launuka uku, ja da kore da shuɗi su tsaya kai ɗaya a kan katin nan. Ma'aunin da'ira kuwa yana da layin fata, kuma baƙar fata da farar fata duk kusa da shi suke faɗawa, haskensu ne ya bambanta. Keɓe goshin ango ka auna, ban da fuskar amarya, don kwalliya tana ɓatar da ma'auni.

Hazon hunturu yana dushe hoto ya sa masa ɗan rawaya. Kada ka share shi a kyamara ɗaya ka bar shi a ɗaya. Fitilun dina masu ja da shunayya kuwa, in sun mamaye fuska ba sa fita duka, rage kaifinsu kawai.

Salon da kake so, ko LUT (fayil ɗin salon launi da aka riga aka shirya), a ƙarshe ake ɗora shi a kan aikin gaba ɗaya. Kafin ka miƙa, tura minti ɗaya waya ka duba, tunda a nan yawancin dangi za su kalla.