Masu Sayar da Littafi a Intanet, Ku Daina Cinye Uwar Kuɗinku

Na gaji da jin sababbin shiga suna cewa, "Ai mu ba ma biyan haya, duk abin da ya shigo riba ne." Mai shago a Sabon Gari ko Kurmi a Kano ya san abin da ke kansa: haya, wuta, haraji, sallamar yaron shago. Mai sayarwa ta WhatsApp da Facebook kuwa, kaɗan-kaɗan kuɗinsa ke zurarewa, shi ya sa ba ya ankara.

Babban ramin shi ne kuɗin aike. Littafi nauyi gare shi. A shago mai saye ne ke zuwa da ƙafarsa ya ɗauki kayansa. Kai kuwa sai ka hau adaidaita sahu zuwa tasha, ka sayi leda da kwali, ka biya direba, ka yi ta kiran waya har kaya su isa Sakkwato ko Maiduguri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, amma har yau akwai masu rubuta "za mu kawo kyauta" don su burge. A ce ka sari littafi naira 2,000, ka sayar 2,800. Cire zuwa tasha da dawowa, cire data, cire cajin mai POS. Ina 800 ɗin? Aikin banza ka yi, har da ciko daga aljihunka.

Wata damina na taɓa aika katan guda ba tare da na naɗe shi da leda ba. A saman mota aka ɗaure shi, ruwa ya same su a hanya. Mai kaya ya ce ba zai karɓi jiƙaƙƙen littafi ba, kuma da gaskiyarsa. Direba ya ce shi kwali aka ba shi. Har yau idan na ga yaro ya nufi tasha da kwali tsirara raina ɓaci yake. Yanzu leda biyu nake sawa, in ɗauki hoton kayan da lambar motar. Mai saye ke biyan kuɗin aike tun kafin in ɗaure, kuma Talata da Asabar kawai nake zuwa tasha, in haɗa saƙonni duka.

Na biyu, sa farashi da tsohon sari. Haba jama'a! Yawancin takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, littattafan addini da yawa kuma daga Misira da Labanon suke zuwa. Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, wanda ya sayar a tsohon farashi ya koma sari, sai ya tarar kuɗin kwafi goma ba sa sayen goma. Mai shago yana jin farashi kullum a bakin maƙwabtansa, kai kana ɗaki da waya. Kafin ka faɗi kuɗi, kira dilanka ka ji nawa ne yau.

Sauran ƙanana ne. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai ka ga sun shiga asusunka. Kada ka jibge jari a littafi ɗaya don an yaba shi a Facebook, masu yabo ba su ne masu saye ba. Idan ka tura littafi a PDF cikin zauren WhatsApp, ka sani za a yaɗa shi kyauta, don haka ni kashi-kashi nake sakinsa ga waɗanda suka biya. Kada kuma ka dogara da dandali ɗaya: OkadaBooks, wani dandalin sayar da littattafai ta intanet a Najeriya, ya rufe a ƙarshen 2023, marubuta da yawa suka koma neman wurin zuwa. Lambobin wayar masu saye a wurina a littafin rubutu nake ajiye su, kowa da garinsa da irin abin da yake karantawa.