Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar teburin ɗora gidan kwaɗo na gilashi

Mai kiwon kwaɗo yakan kashe kuɗinsa da hankalinsa a kan akwatin gilashin, da fitila, da tsirrai, da shi kansa kwaɗon. Idan aka zo wurin ɗorawa kuwa, sai ya waiga ya jawo duk teburin da ya tarar a ɗaki. Daga nan yawancin ɓarnar take farawa.

Babban kuskure shi ne auna nauyin akwatin yana fanko. Ka ɗaga shi a shago, ka ji ai wannan ba komai ba ne, ka manta da abin da zai shiga ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin da gindinsa yake santimita 45 tsawo da 45 faɗi, duk santimita ɗaya na zurfin ruwa kimanin kilo 2 ne. Ka zuba zurfin santimita 10, ka ɗora wa teburi kilo 20 ke nan, tun ba a zo ga tsakuwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa da duwatsu ba. Idan kuma irin kwaɗon nan ne na Afirka mai farata, Xenopus, wanda rayuwarsa duka a ruwa take, akwati mai santimita 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, ya fi buhun siminti nauyi. To ka tambayi kanka: teburin nan zai riƙe buhun siminti dare da rana har shekaru? Gyaran mai sauƙi ne. Yi lissafi a takarda, ka nemi abin da zai ɗauki fiye da haka sosai, sannan ka gwada shi da jarkoki biyu masu lita 25 cike da ruwa na 'yan kwanaki. In tsakiyarsa ta lotsa ko kaɗan, a fasa amfani da shi.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Na ɗora akwatina na farko a kan wata kanta mai sheƙi, irin wadda ake yi da garin katako da aka matse da gam, wato MDF. Kullum ina fesa ruwa safe da yamma, ɗigo yana gangarowa ta bayan gilashin inda ido ba ya kai. Wata rana na sa hannu zan ɗauko wani abu, sai na ji gefen katakon ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar samansa ta ɗaye, ƙusa ɗaya tana lilo a raminta. Allah ya kiyaye na gani da wuri. Irin wannan katako ba ya jituwa da danshi, gidan kwaɗo kuwa danshi ne rayuwarsa. Gara ka je wurin kafinta ya yi maka da katako na gaske, kamar maɗaci, ko filawud mai kauri da aka shafe da fenti har gefunansa. Ko kuma mai walda ya haɗa maka na ƙarfe, ka ce masa ya gitta ƙarfe a baya daga kusurwa zuwa kusurwa, domin shi ke hana teburi rawa gefe da gefe. A shafa maganin tsatsa, a bar fentin ya bushe sarai a waje har warinsa ya tafi. Fatar kwaɗo tana shan abin da ke cikin iska da ruwa, warin da kai za ka jure shi yana iya cutar da shi.

Akwai kuma masu barin gindin akwatin ya zarce bakin teburi, wai ai ɗan yatsa biyu ne. Gilashi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Dole saman teburin ya kai faɗin akwatin ko ya ɗan fi shi. Akwatin da ba shi da firam a ƙasa yana son shimfiɗar soso siririya a ƙarƙashinsa, don ƙwayar tsakuwa ɗaya tak da ta maƙale tana iya fasa gindin idan nauyi ya danna.

Karkata ita ce ke kisa a ɓoye. Daɓen ɗaki ba kasafai yake miƙe ba, kuma idan ƙafa ɗaya tana reto, akwatin yana murɗewa a hankali har gam ɗin da ya riƙe kusurwoyin ya saki, ka wayi gari da ruwa a ƙasa. Zuba ruwa kaɗan ka dubi layinsa ta kowane gefe. In ya fi yawa a ɓangare ɗaya, sa ɗan abin tokare mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafar teburin, ba ƙarƙashin gilashin ba, kuma ban da kwali, don yana jiƙa ya lotse.

Kwaɗin bishiya, irin White's na Ostareliya, akwati mai tsayi sama suke so. Dogon abu a kan siririn teburi kuwa, yaro ɗaya ya jawo ƙofarsa ya isa ya kifar da shi. A ɗaure teburin da bango.

Kar a ɗora a kan firji, ko kusa da lasifika, ko jikin bangon da janareta ke bayansa, don girgiza tana takura kwaɗo. Kar kuma a sa a bakin taga, domin rana ta bi ta gilashi sai cikin ya zama tanda. Soket ɗin wuta a kafa shi sama a gefe, a bar wayar ta ɗan sauka ƙasa da shi kafin ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa bai shiga ramin wuta ba.