In allura ta ɓace a sikirin lokacin bayofsi, kar a ɗora wa inji laifi

'Yan'uwa masu aikin sikanin, musamman ƙannenmu da suka fara koyon ɗibar tsoka (bayofsi, wato ciro ɗan nama da allura don a gwada shi, ana kallon allurar a sikirin injin sikanin) a nan Gombe, abin nan ya daɗe yana damuna shi ya sa na ce bari in rubuta. Da zarar allura ta ɓace a sikirin sai ka ji an ce ai injin ne ya tsufa, alhali wallahi yawanci hannu ne ya kauce.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne allura da firob (kan injin da ake ɗorawa a jikin majiyyaci) ba sa kan layi ɗaya. Sautin da firob ke harbawa siriri ne sosai, kaurinsa kusan na katin ATM, ka ɗan karkace kaɗan kawai allura ta fita daga hoto. Mutum zai ƙura wa sikirin ido tun bai huda fata ba, hannu na can yana abin da ya ga dama. Fara duba hannunka tukuna, ka ga allurar ta shiga daidai tsakiyar gefen firob, sannan ka ɗaga kai. In ta ɓace ka tsayar da ita cak, firob ɗin za ka goga a hankali ka nemo ta, kar ka motsa su biyun tare. Kuma ka kafa gefen tafin hannunka a jikin majiyyaci, don jel na da santsi, firob zai zame ba ka sani ba.

Sai masu soka allura a tsaye kamar za su kafa turke. Allura kamar madubi take, in tana kwance sautin ya dawo wa firob ka gan ta fari tas, in ta miƙe ta wuce digiri 45 sautin ya fanɗare gefe, sai dishi-dishi. Gyaran ba wuya: ja baya kaɗan daga firob kafin ka huda don ta shiga a kwance, ko ka danna ƙarshen firob na nesa ya fuskance ta. A nono kuwa wannan ba zancen kyan hoto ba ne kawai, dole allura ta bi a kwance daidai da bangon ƙirji, in ba haka ba huhu na nan ƙasa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar jikin allura a matsayin bakinta. Na taɓa tsayawa bayan wani ƙaninmu yana aikin hanta, ya nuna min wani farin ɗigo ya ce "Yallaɓai ga bakin nan." Na ce ɗan girgiza ta mu gani, sai ga nama na motsi can ƙasa da inda ya nuna, ashe bakin ya riga ya wuce. Da ya harba a haka fa? Ku tuna bindigar bayofsi (na'urar da ke harba allura ta yanko nama) da yawa tana ƙara cilla allura kusan milimita 22 gaba, to auna abin da ke gaba da ƙullun da za ka ɗiba, inda allurar za ta kai, kafin ka danna, ka kunna Dofla, wato saitin da ke nuna gudun jini, ka ga ko akwai jijiyar jini a hanya. In kana shakka, tura ɗan lidoken (maganin kashe zafi) ko ruwan gishiri ta cikin allurar, inda baƙin ruwan ya buɗe nan bakin yake. Amma fitar da iska daga sirinji tukuna, ƙwayar iska kaɗan sai ta rufe maka hoton, haka ma iskar da ke maƙalewa cikin rigar firob, wato ledar da ake rufe shi da ita.

Saitin inji kuma a gyara tun kafin a sa safar hannu: rage zurfi, kai fokas (inda hoto ya fi fitowa tas) daidai ƙullun, firob miƙaƙƙe ga nono da maƙogwaro, mai lanƙwasa ga hanta da ƙoda. Allura mai kauri, 14G ko 18G, ta fi siririya 22G fitowa, kar ka yi mamaki in siririyar ta wahalar da kai.

Majiyyaci ma a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, yadda zai gane. "Mama, in na ce ki riƙe numfashi ki riƙe, ba zan daɗe ba," ku gwada sau biyu kafin a fara, don hanta da ƙoda suna hawa da sauka da numfashi.

Don Allah kar a koyi hannu a jikin mutum. Sayi ɗanyar awara ko tsokar nama wajen mahauta, cusa zaitun ko guntun dabino a ciki, ka yi ta bin sa da allura bayan an tashi aiki har hannun hagu da na dama su saba da juna.