Kurakuran da muke yi wajen tarbar sababbin marubuta a Wikipedia ta Hausa

Duk ranar da muka tara matasa a Garwa, a arewacin Kamaru, don koya musu rubutu a Wikipedia ta Hausa, ɗaki yakan cika maƙil. Bayan mako biyu kuma sai ka duba ka ga 'yan ƙalilan ne suka sake taɓa wani shafi. Na daɗe ina ɗora laifin a kan tsadar data da ɗaukewar wuta. Suna da nasu kason, amma da na zauna na bi sawun waɗanda suka daina, sai na tarar yawancin laifin namu ne, mu da muka riga su shiga.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne yadda muke yi wa rubutun ɗan makarantar Faransanci. Yaron da ya tashi a Garwa ko Marwa ko Njamena, da Faransanci ya koyi riƙe alƙalami. Hausa tana bakinsa tun yana goye, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa ƙa'idar rubuta ta. Shi ya sa shinkafa take zama "chinkafa" a hannunsa, ciniki ya koma "tchiniki", jama'a ta zama "djama'a", kuɗi kuma "koudi". Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, bai ma san suna cikin wayarsa ba. Tsohon hannu yana ganin haka sai ya soke gyaran gaba ɗaya, ko kalma ɗaya bai bar masa ba.

Wata ɗaliba ta taɓa tsare ni a bakin ƙofa, ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi. Ta kwana tana rubutu a kan madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, gari ya waye babu ko layi. Ta ce, "Yaya, Hausata ce ba ta yi ba?" Na buɗe tarihin shafin, inda duk gyaran da aka taɓa yi yake ajiye, na karanta mata abin da ta rubuta da ƙarfi. Hausa ce tsab, jimla ta zauna daram, haruffan ne kawai na wata makaranta. Na ce, "Ƙanwata, Hausarki lafiya lau take, zauna mu gyara tare." Minti goma bai cika ba muka gama.

Gyaran wannan kuskure ba shi da wuya. Ka daidaita haruffan a inda suke, ka rubuta abin da ka yi a gurbin taƙaita gyara, sannan ka je shafin tattaunawarsa ka bar masa ƙa'idoji huɗu kacal: "ch" ya koma sh, "tch" ya koma c, "dj" ya koma j, "ou" ya koma u. A ranar horo kuwa, kafin komai, kowa ya saka allon rubutun Hausa a wayarsa. Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, yana da shi. Haka batun sunayen garuruwa. Kada a tsaya ana ja-in-ja a kan Garwa da Garoua: a sa ɗaya ya zama kan maƙala, ɗayan ya zama shafin turawa, wato wanda yake kai mai nema kai tsaye zuwa maƙalar, a kuma ambaci rubutun Faransancin a jimlar farko don mai nema ya samu. Idan ya sako kalmar da ya aro daga Fulatanci ko Faransanci, a musanya ta da wadda mai karatu a Kano da Damagaram zai gane, a kuma faɗa masa dalili, don kada ya ɗauka an raina harshen gidansu.

Sai kuma ɗabi'armu ta juye wa baƙo dokoki duka a rana ɗaya. Mukan fara da cewa Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka kafa Wikipedia a 2001, mu zarce ginshiƙai biyar, wato manyan ƙa'idojinta, mu faɗa bayanin lasisi, kafin a kai ga taɓa waya rabin ɗakin ya yi hamma. Saƙon maraba da ake liƙa masa ma cike yake da mahaɗai da ba zai buɗe ko ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne ya yi gyara ɗaya ƙarami da hannunsa a cikin sa'ar farko. A buɗe maƙalar da take nan, misali ta Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924 ya kuma shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, a bar shi ya ƙara jimla ɗaya da madogararta, wato inda ya samo bayanin. Daga nan a nuna masa tarihin shafin ya ga sunansa, ya kuma gane cewa ko ya yi ɓarna ana iya dawo da komai yadda yake. Tsoron ɓata shafi ne yake riƙe hannun mutane da yawa.

Muna kuma yin shiru idan sabo ya ce zai fara da tarihin kansa, ko na kawunsa ɗan kasuwa, ko na mai unguwarsu. Kunya ce take hana mu magana, sai a bar shi ya sha wahala, daga baya a goge. Gara a gaya masa tun farko cewa maƙala ba ta tsayawa sai an samu wasu da ba su da alaƙa da mutumin sun yi rubutu a kansa. Da yawa kuma ba su san ana karɓar madogara ta Faransanci ba. Labarin jaridar Cameroon Tribune ko L'Œil du Sahel, ko littafin da malamin jami'ar Ngaundare ya wallafa, duk suna shiga, kuma nan ne ɗan Kamaru da ɗan Cadi suke da abin da ɗan Najeriya ba shi da shi. Inda abin yake da nauyi shi ne idan ya ce, "Ai kakana ne ya ba ni labarin." Kada a yi masa dariya, domin tarihinmu da yawa a bakin tsofaffi yake. A fahimtar da shi cewa Wikipedia ba ta ɗaukar abin da ba a riga an wallafa ba, a taya shi neman inda aka rubuta shi.

Ranar buɗe asusu ma tana da tarkonta. Layin intanet ɗaya ba ya buɗe asusu sama da 6 cikin sa'o'i 24, don haka a ce kowa ya buɗe nasa tun daga gida. Kowa da asusunsa, ba a tarayya, ba a kuma sa sunan ƙungiya ko shago. A tunatar da shi cewa duk abin da ya rubuta duniya tana gani, ya yi tunani kafin ya sa sunansa na yanka. Ya haɗa da imel, domin wanda ya manta kalmar sirri ba tare da imel ba, asusun ya tafi ke nan. Hoton da aka tsinto a Facebook ko WhatsApp ba ya hawa Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia take amfani da su, sai wanda mutum ya ɗauka da kansa ko mai lasisin da ya yarda. Fassarar na'ura kuma ba a wallafa ta sai an bi ta jimla-jimla.

Bayan an watse ne muke yin sakaci mafi yawa. A ɗauki hoton taro, a yi sallama, shi ke nan. Yanzu nakan raba sababbin tsakaninmu, kowane tsohon hannu ya riƙi mutum uku ko huɗu na wata guda. Aikinsa shi ne ya leƙa jerin gudummawarsu duk bayan kwana biyu, ya danna maɓallin godiya idan sun yi gyara mai kyau, ya koya musu sa hannu da alamar ~ sau huɗu a shafin tattaunawa, ya kuma amsa tambayarsu a ranar da suka yi ta. In an goge wa ɗayansu rubutu, shi zai fara kiransa ya yi masa bayani kafin ya gani da kansa.